Famfon da Aka Kulle

Shafi na 19

"Na ce ba zan je ba. Da wane yare kike so in faɗa miki?"

"Da wanda zai sa ka tashi ka sa riga."

Mai Aski bai ɗago ba. Yana zaune a bakin gado, kan ledar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado, wadda duk motsin da ya yi sai ta yi ƙara ta tona shi. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa, takalmi a ƙafa tun ɗazu.

"Baban Auta, yau ce ranar da asibiti suka ce a koma."

"Su koma su kaɗai."

"Wai me suka yi maka ne?"

"Me suka yi min?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "An yanka ni a mara, an yanka ni a ƙasa, an cusa min roba a jiki, an ce da na tashi zan bushe. Na tashi. Ga ni nan." Ya nuna bokitin da ke bayan ƙofa, mai murfi, inda ake zuba nafkin ɗin da ya jiƙe. "Ɗauki wancan ki kai musu. Ya fi ni iya bayani."

Ta bi bokitin da kallo.

Tun bara, tun da aka yi masa aikin farko aka cire ƙullutun da ya tokare masa ƙasan mafitsara, fitsari ya daina jin maganarsa. In ya yi tari ya zubo. In ya miƙe ya zubo. Ga shi mutumin da sana'arsa tsayuwa ce a kan mutane, cikinsa daidai hancin wanda yake yi wa aski. Ranar da wani tsohon kwastomansa ya ja hanci ya ce ko bututun banɗakin shagon ne ya fashe, ba da mugunta ba, ranar ya ajiye kilifar askinsa ya dawo gida, bai sake fita ba. Abokin aikinsa Sanƙo ya rufe masa kujera da tawul. Amma mai shagon ya aiko cewa in wata ya ƙare bai dawo ba, za a ba wani kujerar.

Aiki na biyun, na sa masa abin da zai riƙe fitsarin, shi ne ƙarshen abin da ya sa wa rai. An yi. Sama da wata guda ke nan, ko ɗigo ɗaya bai ragu ba.

"To sha ruwan nan aƙalla," in ji ta. "Dubi leɓenka duk ya tsage."

"In bai shiga ba ta ina zai fito?"

"Kashe kanka za ka yi da ƙishirwa saboda wando?"

"Ke ba ki san abin ba, Maman Auta. Ke wanki kawai kike yi."

Ya ga maganar ta same ta. Ta gyara mayafinta a hankali, ta ce, "Eh. Wanki kawai nake yi."

Ya so ya janye, bakinsa ya ƙi.

Sai ga gyaran murya daga bayanta. Dogo ne, babban ɗansu, mai gyaran waya, wanda ya kwana da shi a ɗakin maza na asibiti lokacin aiki na biyun. Ya aro motar abokinsa tun da safe, yana tsaye a baranda yana juya makullin a yatsa. Bai shigo ba. Bai kuma kalli ubansa ba. Ƙeyar uwarsa ya yi wa magana.

"Umma."

"Mene ne?"

"Ki ce wa Baba abin a kulle yake."

"Wane abu?"

"Abin da aka sa masa."

Ledar ta yi ƙara. Mai Aski ya juyo.

"Kai, ga ni nan zaune. Ba tafiya na yi ba. Shigo ka faɗa min."

Dogo ya tako taku ɗaya, ya tsaya yana karanta bangon ɗakin kamar an rubuta wani abu a jiki.

"Babban likita ne ya ce. Ranar da aka fito da kai, maganin barci bai sake ka ba. Ya ce sun bar shi a kulle da gangan, sai ciwon ya warke. Ya ce za ka ci gaba da... da yadda kake, har zuwa ranar da za a koma. Ranar za su kunna shi."

Ana jin famfon tsakar gida yana ɗiga cikin baho.

"Su kunna shi."

"Eh."

"Wato ba lalacewa ya yi ba."

"A'a. Ba a ma fara ba."

Mai Aski ya tuna ranar da babban likitan ya zaunar da shi kafin aikin, ya yi ta bayani yana zane a iska da biro. Shi kuwa kalma ɗaya ya kama ya rufe kunne a kanta: za ka bushe. Sauran duk ya bar su a kan teburin.

"Tun ranar ka sani?"

"Eh."

"Kana kallona ina zaune a ɗakin nan kamar kayan da aka manta. Kana shigowa kana gaishe ni. Ina ka kai bakinka?"

"Na faɗa wa Umma."

"Ni?" Ta juya gaba ɗaya. "Cewa ka yi likita ya ce a koma ranar kaza. Shi ke nan abin da ka ce."

"To ai shi ne."

"Shi ne me?"

Dogo ya sosa wuya. Kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi.

"Umma, ya nuna min inda ɗan famfon da ke buɗe abin yake. Ya ce in yi wa Baba bayani in ya farka. A ƙasa yake. A ƙasa sosai. Ni ta ina zan fara? In ce Baba zauna in gaya maka abin da ke cikin..." Ya haɗiye sauran. "Kullum sai in ce gobe."

"Kana buɗe wayar mutane kana ganin abin da ya fi wannan," in ji Mai Aski.

"Wayar ba ta haife ni ba, Baba."

Dariya ta kufce wa uwar, ta toshe ta da mayafi. Mai Aski ya so ya yi faɗa. Ya nemi fushin a inda ya saba ajiye shi, ya tarar wani abu ya riga ya zauna a wurin, mai sauƙi, mai ban tsoro.

"Wannan kunyar taka ta kusa kashe ubanka," ya ce. "Namiji ba ya haka. Abin lafiya ba a kunyarsa. Ka ji ko?"

"Na ji."

"Maman Auta."

"Ina ji."

"Rigar nan mai ruwan toka. Tana da guga?"

"Ai ni wanki kawai nake yi."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri."

Ta buɗe durowa ta ciro rigar. A goge take tun jiya.

*

A asibiti suka tarar babban likita ya shiga tiyata. Wadda ke ganin marasa lafiyarsa wata ce ƙarama, da gilashi da farin takalmi. Ba ta girmi Dogo ba. Mai Aski ya tsaya turus a ƙofa.

"Shigo, Baba. Sannu da jiki. Mun neme ka ranar duba ɗinki ba ka zo ba."

"Hidima ce ta yi yawa."

"Hidimar zaman ɗaki," in ji matarsa.

Likitar ta yi murmushi. "Mama za ta iya zama ta ji bayanin. Ya fi kyau kunne ya zama biyu."

"A'a," ya ce da sauri. "Su jira a waje. Dukansu."

"Baban Auta..."

"A waje."

Dogo ya riga ya kai tsakiyar baranda. Ita ta ɗan tsaya, sannan ta fita ta ja ƙofar.

Ya hau gadon. Ma'aikaciyar jinya ta ja labule, ta rufa masa zani. Ya kwanta rigingine ya kafa wa fankar silin ido. Fanka ce mai fuka-fukai uku, ɗaya ya ɗan lanƙwashe, duk zagayowar da ta yi sai ta yi ƙis.

"Ɗinkin ya yi kyau," in ji likitar. "Kumburin ya sauka. Bari in sake maka bayani. Abu uku ne a jikinka. Akwai zobe mai laushi da ya zagaye hanyar fitsari. Akwai 'yar balan-balan ta ruwa a cikin mara. Sai ƙaramin famfo a cikin jakar marainanka, ɓangaren dama. In ruwa ya cika zoben, ya matse hanyar, ka bushe. In kana son yin fitsari, kai za ka buɗe da hannunka, bayan 'yan mintuna ya rufe da kansa."

Daga kalmar maraina kunnensa ya toshe. Yarinyar nan da ya isa ya haife ta. Ya ƙara manne wa fankar. Ƙis. Ƙis.

"Za ka ji ɗan zafi yanzu."

Ya ji. Matsa ɗaya mai ƙarfi, ya cije haƙori, sai wani abu ya saki a ciki kamar an tura ƙofar da ta daɗe a cije.

"Shi ke nan. Ya kunnu."

"Har an gama?"

"An gama. Kawo hannunka in nuna maka."

Ya miƙa hannun kamar na aro. Ta ɗora masa yatsu a wurin. Bai san ko me yake taɓawa ba, shi dai so yake ƙasa ta tsage. Muryarta na zuwa masa guntu-guntu daga nesa.

"...wannan shi za ka riƙa matsawa har ka ji ya lotsa... wannan kuwa kada ka taɓa shi, mu ke amfani da shi, in ka danna zai kulle... kuma duk asibitin da ka je kada ka yarda a sa maka robar fitsari sai an... Baba, kana ji na?"

"Ina ji."

"Ka gane?"

"Sarai."

"Maimaita min."

"A matsa, a buɗe, ya rufe da kansa."

"To. Sha ruwa ka zauna a waje. In ya matse ka, shiga banɗaki ka gwada, ka dawo ka faɗa min. In bai yi ba ka sake hawa gadon mu yi tare."

Ka sake hawa gadon. Wannan kam ya ji shi ras.

Ya kurɓi ruwan kofi ɗaya. Ya zauna kaɗan. Ya shiga banɗakin ya tsaya yana kallon tayil. Jikin da ya kwana biyu ba a ba shi ruwan kirki ba, ba shi da abin bayarwa. Ya ja ruwa ya wanke hannu, ya leƙa ofishin da kai kawai. Wani tsoho ya riga ya zauna a gabanta.

"Ya yi, Likita."

"Da kanka?"

"Da kaina."

"Madalla. Mu gan ka wata mai zuwa. Ban da keke, ban da ɗaukar kaya mai nauyi."

*

A mota ya zauna a gaba, ƙafafu a matse yadda ya saba. Dogo ya faɗa rami a titi, motar ta yi tsalle. Mai Aski ya riƙe numfashi yana jiran ɗumin nan da ya sani.

Bai zo ba.

Ya yi ɗan tari na gwaji, ƙarami. Ya jira. Ya sake yi, babba.

"Lafiya, Baban Auta?"

"Dogo, koma ka sake faɗawa ramin nan."

"Motar mutane ce, Baba."

"To nemo wani a gaba."

Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba. Ta gane. Ta sa masa gorar ruwan da ta yi ta yawo da ita a jaka tun safe. Ya kafa kai. Ruwan ya bi maƙogwaronsa yana jin saukarsa har ciki, sanyi, daɗi, kamar bai taɓa shan ruwa ba a duniya. Bai sauke gorar ba sai da ta yi ƙara.

"A hankali mana," in ji ta. Muryarta ta canza. Ya gan ta a madubi tana goge ido da gefen mayafi tana kallon waje.

"Bi ta shago," ya ce.

Shagon na nan yadda ya bar shi. Ƙamshin hoda da man aski, rediyo na magana shi kaɗai, gashi a ƙasa ba a share ba. Sanƙo, mai askin da babu ko sili ɗaya a kansa, yana gyara wa wani gemu. Ya ɗago ya gan shi a madubi.

"A'a. Wa nake gani? Mun ɗauka ka yi ritaya ka koma kiwon kaji."

"Ka share ƙasan nan ko sau ɗaya tun da na tafi?"

"Na bar maka ne don kada ka dawo ka rasa aiki."

Mai Aski ya je ya yaye tawul ɗin da ke kan kujerarsa. Ya kaɗe ta. Ya ciro kilifarsa daga durowa, ya hura, ya ɗiga mata mai, ya kunna. Ta yi kukan da ya sani. Wani mai sayar da taya da ke jiran layi ya taso ya zauna ba tare da an ce masa ba.

"Yadda aka saba, maigida. Sanƙon nan ya kusa mayar da ni irinsa."

Ya ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ya tsaya. Ya matso kusa, kusa sosai, har rigarsa na gogar kafaɗar mutumin. Ya sa ido a kan hancinsa ta madubi. Hancin bai motsa ba. Mutumin ƙorafin tsadar taya kawai yake yi.

Ya sunkuya ya ɗauko buroshi da ya faɗi. Ya miƙe. Babu komai.

Sanƙo ya ba da wani labari na banza, na wani da ya yi barci ana masa aski ya farka ya ce ba kansa ba ne. Mai Aski ya yi dariya, ta gaske, wadda ke girgiza ciki, irin wadda ya hana kansa tun bara. Ya yi har ya dafa kujera. Da ya gama ya tsaya cak yana sauraron jikinsa.

A bushe.

"Gobe ka zo da wuri," in ji Sanƙo, yana miƙa masa shayi a kofin roba. "Zan gaya wa mai shago ya nemi wani wurin ya kai ɗan'uwan matarsa da ya so ba kujerarka."

Ya shanye shayin. Ya ƙara da ruwa.

*

Da yamma suka iso gida. Auta ta dawo daga makaranta tana cin abinci a falo, ta ga ubanta da gashin mutane a hannun riga, ta saki baki.

"Baba, aiki ka je?"

"A'a, rawa na je."

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ya cire nafkin ɗin ya ɗaga shi a hasken taga. Fari tas, ba nauyi. Ya daɗe yana kallonsa. Matarsa ta shigo, ya miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya, ta ajiye. Sai ta je ta yaye zanin gado, ta kama ledar ta fisge ta, ta nannaɗe ta a hammata.

"Ki bari mu ga kwana biyu mana."

"Na gaji da kwana a kan leda kamar kifi."

Ya zauna a kan katifar. Ba ƙara. Ya ɗan yi tsalle a zaune, ba ƙara.

A nan ya ji shi. Wani nauyi a mara, a hankali, yana taruwa. Ya ɗauki lokaci kafin ya gane ko mene ne, don rabonsa da shi tun kafin aikin farko. Fitsari ne ya matse shi. Ya taru, ya tsaya, yana jiran izini.

"Maman Auta," ya ce a hankali, kamar mai ba da albishir. "Fitsari nake ji."

"To sai ka je ka yi. Ko rakiya kake so?"

Ya tashi yana murmushi. Ya ratsa falo da tafiyar mai gida, ya shiga banɗaki ya sa sakata.

Ya tsaya. Ya saki jiki yadda kowa ke yi.

Babu abin da ya fito.

Ya yi yunƙuri. Ko ɗigo. Zoben ya riƙe aikinsa da gaskiya.

Murmushin ya ɗan rage. Ya kai hannu ƙasa, ɓangaren dama, yana lalube. Ga shi nan ƙarƙashin fata, ɗan abu kamar kan yatsa, yana zillewa. Ya kama shi da kyar. Ta ƙasa yana da laushi. Ta sama yana da tauri, da wani ɗan tudu kamar maɓallin riga.

Biyu ne.

Ya rufe ido yana neman muryar likitar. Wannan za ka matsa. Wannan kada ka taɓa. Ya nemi inda yatsunsa suke lokacin da ta faɗa. Abin da ya zo masa fanka ce kawai, mai lanƙwasasshen fiffike, tana ƙis, ƙis.

Marar ta ƙara nauyi. Gora guda, da shayi, da wani ruwan a kai.

"Baban Auta?" Ta ƙwanƙwasa. "Ka daɗe fa."

Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Ya jingina da bango.

"Dogo na nan?"

"Yana nan, zai mayar da mota."

"Ce masa ya zo."

Ya ji takun yaron ya iso ya tsaya nesa da ƙofar, daidai inda ya tsaya da safe.

"Ga ni, Baba."

Mai Aski ya matso jikin ƙofa. Ya yi wa sakatar magana.

"Ranar da babban likita ya nuna maka. Akwai mai laushi, akwai mai tauri."

Auta ta rage ƙarar talabijin.

"Wanne ne aka ce kada a taɓa?"